Wa Ya Ce Kunkuru Ba Ya Shan Ruwa?

A cikin maganganun da muka gada, muke ta maimaitawa ba tare da mun taɓa tsayawa mun auna su ba, akwai wadda ke cewa wai kunkuru ba ya shan ruwa. Wani ya ce iska yake sha, wani ya ce raɓa ta ishe shi, wani kuma ya ce ai shi da rijiyarsa aka halicce shi. Na ji wannan magana a bakin dattawa, na ji ta a bakin waɗanda suka yi karatun zamani, har a ofishinmu na ji ta, inda ake kurin ba a buga labari sai an tabbatar da shi. To, ni ina da dalilin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai. A gidanmu da ke cikin garin Bauchi akwai kunkurun da ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma tun da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, ɗawainiyarsa ta faɗo a wuyana.

Kakanmu bafatake ne, yakan kai goro da tufafi arewa, wajen Nguru da Gashuwa, ya komo da kanwa da busasshen kifi. A 1973, shekarar farin nan da ya karkashe dabbobi a ƙasashen Sahel, ya koro Buzaye masu yawa zuwa garuruwanmu, sai ya sayi ɗan kunkuru a hannun wani Buzu, ya sako shi cikin ƙwarya ya kawo gida. An ce sa'an nan bai fi tafin hannu ba. Ba kuwa sha'awa kaɗai ta sa ya saye shi ba, domin mutanen da sun ɗauka cewa gidan da ke da kunkuru sammu ba ya kama shi. Ban zo yin gardama a kan wannan ba. Abin da na sani shi ne, kakan ya tafi, 'ya'yansa maza duk sun tafi in ban da ɗaya, amma Na-Kaka, watau sunan da yara suka laƙaba wa kunkurun ke nan, yana nan yana zagaya tsakar gida. Da muka aza shi a sikelin masu awon hatsi, sai da ya haura kilo 50.

Ya kamata mai karatu ya san irin da nake magana a kansa, don kunkuru iri-iri ne. Namu shi ne babban nan mai launin rairayi, mai kaushin ƙafafun gaba, mai wasu 'yan ƙahoni a cinyoyinsa na baya. Masana sun ce a duk duniya iri biyu ne kaɗai suka fi shi girma, na tsibiran Galafagos da na tsibirin Aldabara, su kuwa duka biyun a tsakiyar teku suke. Mazauninsa na asali shi ne gefen hamada, tun daga Senegal da Muritaniya, ya bi ta Mali da Nijar da ƙuryar arewacin ƙasarmu, ya wuce Cadi da Sudan har Habasha. Ya bambanta da ƙaramin nan mai rufe ƙarshen ƙoƙonsa kamar ƙyaure, wanda manoma kan tsinta a gona da damina, shi ma ya fi namu bukatar laima. Haka kuma ba shi ne kififiya ba. Kififiya 'yar ruwa ce, tana iyo. Kunkuru kuwa in ka jefa shi a kududdufi ko rijiya, da nufin wai ka yi masa alheri, to ka kashe shi, don nutsewa zai yi kamar dutse.

Yanzu bari mu koma ga ita maganar rashin shan ruwan. Ba a banza ta samo asali ba. Gaskiya ne a daji dabbar nan takan yi watanni ba ta ga ruwan da za ta kafa baki ba. Amma da me take yin wannan juriya? Da abu uku. Na farko rami. Kunkuru gwanin gina ne, yakan haƙa rami mai tsawon mita da yawa, ya gangara har inda ƙasa ke da sanyi da danshi, ya shige ya lafe muddin rana na dukan duniya, ba ya fitowa sai da sassafe ko da la'asar sakaliya. In bazara ta tsananta ma yakan yi kwana da kwanaki a ciki bai leƙo ba. Na biyu abin da yake ci, watau ɗanyar ciyawa da ganyaye masu ruwa a jika, waɗanda yake dirka da damina. Na uku kuwa, wanda ya fi ba ni mamaki, shi ne mafitsararsa.

Mu mutane abin da ya shiga mafitsararmu ya zama na zubarwa. Shi kuwa kunkuru mafitsararsa randa ce. In ya sami ruwa sai ya sha ya cika ta, in rani ya yi nisa sai jikinsa ya riƙa janyo ruwan nan kaɗan-kaɗan yana mayar da shi cikin jini. Dattin da ƙodarsa ta tace kuwa ba ya bukatar ruwa mai yawa kafin ya fita, sai ya zama wani farin abu mai kauri kamar kindirmo. Ashe masu cewa da rijiyarsa aka halicce shi ba su yi nisa da gaskiya ba. Inda suka kuskure shi ne, sun manta cewa randa ce ba rijiya ba, randa kuwa sai an zuba mata. A hamadar Mojabe ta Amurka akwai wani ɗan'uwansa da hukuma ke gargaɗin jama'a kada su ɗaga shi in sun gamu da shi a daji, saboda tsoro kan sa ya saki fitsarin da ya tara, ya rasa guzurinsa na rani duka. Ka tuna da wannan duk ran da ka ga yara sun ɗaga ɗan kunkuru sama, ya tsula musu fitsari, suna ta ƙyaƙyata dariya.

Wani Bature ɗan Ingila mai nazarin halittu, Charles Darwin, ya sauka a tsibiran Galafagos a 1835, ya kuwa ba da labarin yadda manyan kunkuran can suka yi wa kansu turba daga busassun wurare na bakin teku zuwa idanun ruwa da ke kan tudu. Ya ce ya ga suna tafiya ba dare ba rana, in sun isa sai su tsoma kai cikin ruwa har idanu, su yi ta kwankwaɗa ba su kula da kowa. Ya kuma ambaci cewa mutanen tsibirin, in ƙishirwa ta kama su a daji, sukan yanka kunkuru su sha abin da ke cikin mafitsararsa. Dabbar da za ta yi tafiyar kwanaki, da irin saurin nan nata, don ta isa bakin ruwa, da wuya a ce ba ta damu da shi ba.

Ni ma ba sai na je Galafagos ba. Duk shekara, ran da aka yi ruwan fari mai ƙarfi, ko a ƙarshen Afrilu ko a cikin Mayu, kafin ma ƙasa ta gama jiƙa za ka ga Na-Kaka ya fito daga raminsa, ya miƙe a kan ƙafafunsa huɗu, ya miƙa wuya, ya nufi inda ruwan indararo ke taruwa. Sai ya dulmuya baki da hanci, ya yi shiru, ba abin da ke motsi sai maƙogwaronsa. Yakan daɗe a haka har mutum ya fara tsoron ko numfashinsa ya ɗauke. In ya ƙoshi sai ya saki tsohon fitsarin da ya riƙe, don ya tabbata sabo ya samu.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mun ɗauko dabbar nan daga daji mun kawo ta birni, sa'an nan muka raba ta da abubuwan da take jure wa ƙishirwa da su, amma muka riƙe labarin juriyar. Gidajen Bauchi na da, a Jahun ne ko Nasarawa ko Kobi, tsakar gida ƙasa ce, akwai bishiya, akwai gindin randa mai sanyi, akwai magudanar da ciyawa ke tsirowa a bakinta. Kunkuru yakan sami inda zai tona, yakan kuma lallaɓa ya sha a kaskon kaji ba wanda ya lura. Shi ya sa tsofaffinmu ke rantsuwa ba su taɓa ba shi ruwa ba, kuma gaskiyarsu ne, ba su ba shi ba, shi ya nemi abinsa. Yau fa? An sare bishiya an yi ɗakin haya, an malale tsakar gida da siminti, an kewaye da bulo. Da tsakar rana a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi kan kusanci digiri 40 a inuwa, simintin nan ko tafin ƙafarka ba ka iya ajiyewa a kai. Shi kuwa a kansa yake kwance da ƙirjinsa, ba ya gumi balle ya huce, ba ya kuka balle a ji. Abincinsa kuma ya koma ƙanzo da sauran tuwo da wake.

Sa'ad da aka tashi yi wa gidanmu siminti a 2018, sai da aka kai ruwa rana kafin a bar kusurwar da ke gindin dalbejiya. Goggonmu, ƙanwar mahaifinmu, wadda ita ce babba a cikin gida yanzu, ta ce mini, "Kai ɗan nan, karatun jarida ne ya kai ka ga yi wa kunkuru ɗaki? Tun kana ina muke tare da shi, ko kofi ɗaya ba a taɓa ba shi ba." Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri, da can ai gidan ne ke ba shi, yanzu kuwa za mu toshe gidan." Baffanmu ne ya raba gardamar, ba don ya gamsu da hujjata ba, sai don ya ce abin da mahaifinsu ya bari ba a tozarta shi. Aka bar masa fili kamar taku shida, da raminsa a ciki.

Abin da ya faru a wani gida na unguwarmu bayan shekara biyu shi ya sa na daina jin kunyar wannan magana a gaban mutane. Suna da kunkuru irin namu, ko da yake bai kai namu girma ba. An huda gefen ƙoƙonsa an ɗaure shi da sarƙa a jikin turke don kada ya fita. A nan ma bari in ɗan ratse: ƙoƙon kunkuru ba kwano ba ne da aka kifa masa, ƙashin bayansa ne da haƙarƙarinsa suka haɗe, da jini da jijiya a ciki, huda shi azaba ce. Ga shi kuma ɗaurin ya hana shi bin inuwa in ta juya. Cikin bazara ya daina cin abinci, ya riƙa nishi yana yunƙuri ba abin da ke fitowa, daga baya ya koma jan ƙafafun baya. Masu gidan suka ce ai jifa aka yi wa maigida, kunkurun ya tare. Da ya mutu, aka kira wani mai sayen ƙoƙo don haɗa magani ya zo ya fasa shi. Ina tsaye aka ciro wani farin dutse daga mafitsararsa, ya fi ƙwan agwagwa girma. Na kai wa wani likitan dabbobi ya gani. Ya ce farin abin nan ne mai kama da kindirmo, in ruwa ya yi ƙaranci sai ya bushe ya dunƙule, shekara da shekaru yana ƙaruwa, har ya toshe hanya. Ya ƙara da cewa wake da nama da sauran abincin gina jiki suna ƙara yawansa, don cikin kunkuru na ciyawa ne. Watau dabbar nan ta yi shekaru tana mutuwa da ƙishirwa, taku kaɗan daga bakin rijiya.

Ga yadda nake yi da namu, ko wani zai amfana. Ajiye masa ruwa a kwano aikin banza ne, zai taka shi ya kifar, kuma ba ya lasa kamar kare, sai ya tsoma baki da hanci tare. Don haka na sa magini ya yi masa ɗan kwarmi a ƙasa a gindin bishiyar, faɗinsa ya isa ya shiga ya juya, zurfinsa bai kai taƙi ɗaya ba, bakinsa kuma a kishingiɗe yadda zai shiga ya fita da kansa. Ƙa'idar ita ce kada ruwa ya wuce haɓarsa in ya kwanta, watau daidai inda ƙoƙon sama ya haɗu da na ƙasa. Da bazara sau biyu a mako nake cika shi da ruwa mai ɗan ɗumi kamar na wankan jariri, in jawo shi da ganyen rama ko ɓawon kankana har ya shiga. Yakan yi minti 20 zuwa 30 a ciki. Sauran kwanaki kuma ba a rasa ɗan ruwa mai tsabta a wurin. Ɗumin ruwan yakan sa ya sha, yakan kuma sa ya yi bayan gida a ciki, saboda haka dole a kwashe a wanke, a zuba wa bishiya, kada a bar shi ya kwana biyu ya zama gidan sauro. Ƙasar bakin raminsa ma nakan yayyafa mata ruwa da yamma.

Mutane sun fi tsoron bazara, amma ni hunturu ya fi ba ni tsoro. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar nan da ke fasa mana leɓe da dugadugai tana tsotse shi shi ma, ga ciyawa duk ta bushe, ga shi sanyi ya kashe masa jiki ba ya ko son motsi. Ba wanda ke tunanin ƙishirwa cikin sanyi. A wannan lokaci ba na sa shi a ruwa da asuba ko da magariba, sai hantsi ya dubi ludayi, ya sha rana jikinsa ya yi ɗumi, don jiƙa shi cikin sanyi kan jawo masa ciwon ƙirji. Nakan kuma jiƙa busasshiyar ciyawar da zan ba shi, in haɗa da kabewa ko gurji ko ganyen latas daga kasuwar Muda Lawal. Kayan zaƙi irin su mangwaro da kankana sai jefi-jefi, don suna ɓata masa ciki.

Tun da ba ya magana, sai a karanci jikinsa. In idanunsa sun zurma, ko sun ƙi buɗewa sosai, akwai magana. In farin abin nan ya fito da laushi, lafiya lau. In ya fito da gari-gari kamar an daka alli, ko da tsakuwa-tsakuwa, to ruwa ya yi ƙaranci, a ƙara yawan jiƙawa, in bai sauya ba a nemi likitan dabbobi. In kuwa ka tarar da shi a rana yana fitar da kumfa a baki, ko ya kife a bayansa ya kasa tashi, wannan ba ta jira: a kai shi inuwa nan take, a riƙa zuba masa ruwan randa a hankali, ban da na ƙanƙara. Sa'an nan duk wanda ya taɓa shi ko ruwansa ya wanke hannu da sabulu, musamman yara, don dabbobi irinsa kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi ba tare da su ta dame su ba. Kada a jiƙa shi a daron da ake wanke-wanke.

Masu sayen 'yan ƙanana a kasuwa don yara su yi wasa, nauyin da ke kansu ya fi nawa. Ɗan kunkuru jikinsa ba shi da wurin ajiya, kwana kaɗan a cikin kwali ya isa ya busar da shi. Shi kullum ya kamata a sa shi a faranti mai ɗan ruwa, na minti 10 ko 15, da mutum a tsaye a kansa. A 2003 wasu masana a jami'ar likitancin dabbobi ta Biyana, a ƙasar Ostiriya, sun buga sakamakon gwajin da suka yi da 'ya'yan irin wannan kunkuru namu. Sun gano cewa waɗanda aka rena a busasshen wuri ƙoƙonsu yakan tashi da tudu-tudu kamar an jera dala, waɗanda aka rena cikin laima kuwa nasu ya fi fitowa sumul. Saboda haka in ka ga kunkurun gida da ƙusoshin nan a baya, ba ado ba ne.

Na san wani zai ce, a garin da magidanci ke sayen ruwa jarka-jarka a wurin 'yan garuwa in rijiyoyi sun ja baya, ana maganar wankan kunkuru? Tambaya ce mai kyau, ni ma a gidan da ake sayen ruwan nake. Abin da Na-Kaka ke ci mini bai wuce jarka biyu a mako ba, kuma ruwan a gindin bishiya yake ƙarewa. Wanda ya ga ba zai iya ba, ba laifi, amma kada ya ajiye. Duk ɗalibin Islamiyya ya san hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ba ta ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba, ya kuma san makomarta. Katangar bulo da daɓen siminti ban ga abin da ya raba su da waccan tsarewa ba.

Ga shi kuwa irin nasa sai ƙarewa yake yi a daji. Shanu da awaki sun cinye masa ciyawa, hamada na matsowa, masu kamawa su sayar ba su huta ba. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, wadda ake kira CITES, ta hana fitar da wanda aka kamo a daji zuwa wata ƙasa don ciniki, a 2021 kuma ƙungiyar IUCN mai lura da halittu ta sa shi cikin jerin waɗanda ke fuskantar haɗarin ƙarewa. A Senegal har wani wuri aka keɓe a ƙauyen Noflaye, kusa da Dakar, inda ake karɓar waɗanda aka ƙosa da su a gidaje ana jinyarsu. Abin mamaki, a Amurka masu kiwo sun hayayyafa shi har ya yi musu yawa, mu da muke maƙwabtan mahaifarsa kuwa muna barin namu suna bushewa a bayan ɗaki.

Saura magana ɗaya da ke hana ni barci wani lokaci. A watan Oktoba na 2019 jaridu sun cika da labarin mutuwar Alagba, kunkurun fadar Soun na Ogbomosho, wanda aka ce ya shekara 344. Masana sun yi shakkar wannan lissafi, amma sun yarda irinsa kan haura shekara 70 in ya sami kulawa. Na-Kaka bai daɗe da wuce 50 ba. Gidanmu kuwa gidan gado ne, magada sun yi yawa, an ma fara raɗe-raɗin sayarwa a raba kuɗi, kuma na tabbata wanda zai saya ba zai bar taku shida na ƙasa saboda kunkuru ba. Na je na duba wani ɗan fili a bayan gari, ta hanyar madatsar ruwa ta Gubi, inda ƙasar ke da laushin tonawa, ina kuma tara abin da ya sawwaƙa. Kafin nan na fara koya wa 'yar yayana, mai shekara tara, yadda ake auna ɗumin ruwan da gwiwar hannu, da yadda ake duba farin abin nan da tsinke. Ran Asabar da ta wuce ita ta yi aikin duka, ni ina zaune a kan turmi. Da ta gama ta ce, "Baffa, yau mai laushi ne," ta tafi neman sabulu.